Wasiƙar Gida Bashi Ce a Kan Matafiyi

Kowace shekara makarantarmu tana sallamar samari da 'yan mata, a cikinsu kuwa ba a rasa waɗanda ƙafarsu za ta kai su nesa. Bautar ƙasa kaɗai, wadda gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa a 1973, ta isa ta ɗauki ɗan Dosara ta ajiye shi a Kalaba har shekara guda. Akwai kuma tafiyar da ta fi wannan nisa. A 1987, zamanin Janar Ibrahim Babangida, lokacin da Farfesa Bolaji Akinyemi yake Ministan Harkokin Waje, Nijeriya ta soma shirin TAC, inda take aika malamai, likitoci, ma'aikatan jinya da injiniyoyi su yi aikin sa kai na shekara biyu a ƙasashe irin su Gambiya, Yuganda, Jamaika da Fiji. Ba abin mamaki ba ne wata rana mu ji wanda ya zauna a kan bencinmu yana cikinsu.

Muna goyon bayan irin wannan tafiya. Abin da muke so mu ja kunnen ɗalibanmu a kai shi ne, ba wa mutanen gida labari ba abin ganin dama ba ne. Yana cikin aikin, kuma yana bukatar hankali fiye da yadda ake zato. Ko Bulus da Barnaba, da suka komo daga tafiyarsu ta fari, sai da suka tara ikkilisiyar Antakiya wadda ta aike su, suka ba ta labarin dukan abin da ya faru.

Kakanninmu sun san zafin rashin labari. Fataken da suke zuwa Gwanja sayen goro sukan yi watanni ba a ji ɗuriyarsu ba. Masu zuwa Makka a ƙasa ta hanyar Sudan sukan yi shekaru, sai dai saƙon baki idan an dace da mai dawowa. Da gidan waya ya zo, abin ya yi sauƙi, amma ba ƙwarai ba. Wasiƙa takan yi makonni a hanya, ta faɗo akwatin makaranta ko na majami'a, sa'an nan a nemi malami ya karanta wa tsohuwa a tsakar gida, yara da maƙwabta suna saurare. Mai rubutu ya san haka, saboda haka yakan auna kowace kalma kafin ya liƙa kan sarki.

Wata baƙuwa da ba ta auna tata ba ta bar mana darasi. A watan Maris na 1961 Shugaba Kennedy na Amurka ya kafa ƙungiyar matasa masu aikin sa kai da ake kira Peace Corps, Nijeriya kuwa tana cikin ƙasashen farko da suka karɓe su. A watan Oktoba na wannan shekara wasu daga cikinsu suna samun horo a Kwalejin Jami'a ta Ibadan kafin a rarraba su makarantu. Wata budurwa a cikinsu, Margery Michelmore, ta rubuta wa wani abokinta a gida katin gaisuwa, irin wanda ba a sa shi a ambulan. Ta faɗi yadda ƙazanta da talaucin da ta gani suka girgiza ta, da yadda mutane suke girki da sauran harkokinsu a bakin titi, ta kwatanta zaman da na mutanen da ba su waye ba. Katin bai kai Amurka ba. Ya shiga hannun ɗaliban jami'ar, suka kwafe shi suka rarraba, aka yi taron nuna fushi, wasu suna cewa a kori baƙin duka. Jaridun duniya suka ɗauka. Cikin 'yan kwanaki ta bar ƙasar.

Mu tuna, a lokacin shekara ɗaya ke nan da samun mulkin kai. Mutanen da suka daɗe suna jin Turawa suna kiransu marasa wayewa, ga shi sun ga maganar a rubuce daga hannun wadda ta ce ta zo taimako. Ba mu ce yarinyar muguwa ce ba. Sabuwar zuwa ce, idonta bai saba ba, ta kuma ɗauka da abokinta kaɗai take magana. A nan ne ta yi tuntuɓe, gama wasiƙa ba ta da tabbacin hannun da za ta faɗa.

To, idan a 1961 sai da kati ya ɓace aka tsince shi aka kwafe, yau fa? Yau yatsa ɗaya ya isa. Saurayinmu da aka tura wani ƙauye a Gambiya, idan ya ɗauki hoton makewayin masu masaukinsa ya sa a Facebook da maganar ba'a, kafin magariba shugaban makarantar da yake koyarwa ya gani. Mu mutanen Zamfara bai kamata a koya mana ɗacin wannan ba. Mun san yadda muke ji idan baƙo ya ambaci jiharmu bai san kome game da ita ba sai 'yan bindiga, bai taɓa jin labarin shinkafar Bakalori ko kasuwar Talatar Mafara ba. Abin da ba mu so a yi mana, kada ɗanmu ya je ya yi wa wasu.

Wani zai ce, ashe sai matafiyi ya riƙa rubuta daɗi kawai? A'a. Wannan ma cuta ce, kuma ita ce ta fi yawa a cikinmu. Mun saba da amsa "lafiya lau" ko muna kan gadon asibiti. Idan zazzaɓi ya kwantar da kai, ko alawus ya makara, ko wurin da aka ajiye ka ba tsaro, faɗa. Amma ka san wanda za ka faɗa wa: mahaifinka, ko wanka, ko faston da ya yi maka addu'ar sallama, wato wanda zai iya yin wani abu a kai, ba taron jama'a ba. Faɗin wahalarka daban, raina mutanen da suka ba ka ɗaki da ruwan sha daban.

Akwai kuma masu cewa tun da wayar hannu ta shigo a 2001 maganar wasiƙa ta ƙare. Ba mu yarda ba. Kiran minti biyu na "yaya gida, yaya aiki" yana kwantar da rai, amma ba ya ɗauke da labari. Uwa tana so ta san abin da ɗanta yake ci, wa yake zama da shi, ina yake sujada ran Lahadi, yara nawa ne a ajinsa. Ƙannensa kuma da irin wannan labari suke sanin faɗin duniya fiye da abin da muke zana musu a allo. Doguwar takarda sau ɗaya a wata, ko da ta WhatsApp aka turo ta, ta fi gaisuwa talatin.

Ban da haka, waya ba abin dogara ba ce ɗungum. A farkon Satumba na 2021 gwamnati ta sa aka rufe layukan waya a dukan Jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka yi makonni da yawa a haka. Wanda yake ƙetare a lokacin, iyayensa suna Bakura ko Maradun, ba shi da hanyar sanin ko suna da rai, su ma haka. Wanda ya sami sauƙi shi ne mai wani ɗan'uwa a birnin Sakkwato ko Kano da saƙo zai bi ta hannunsa. Saboda haka kafin a tashi, a zauna a shirya: wace rana za a riƙa kira, wane ne mutum na biyu idan layi ya yanke, a kuma bar wa iyaye adireshin wurin aikin a rubuce. A lura da agogo ma. Jamaika tana bayanmu da awa 6, Fiji tana gabanmu da awa 11, don kada tsoho ya kira da tsakar dare ya ji shiru ya kwana da fargaba.

Iyaye ma da nasu. Ɗan aikin sa kai ba ɗan kasuwa ba ne, alawus yake karɓa, kada kowane saƙo daga gida ya zama na neman kuɗin taki. A ba shi labarin damina, da wanda ya yi aure, da wanda aka haifa. Al'adarmu ta ɓoye wa matafiyi rasuwa har ya dawo ita ma tana bukatar a sāke dubanta, gama yanzu yakan ga sanarwar a waya tun ba a dawo daga maƙabarta ba. Gara wani babba a gidan ya kira shi da kansa tun da wuri, ya kuma tabbata akwai wani kusa da shi sa'ad da zai ji.