Hannu ya gaji, baki ya rubuta



Sanyin ƙashi ya sa wasu masu riƙe littafin ƙungiya sun ajiye biro, lissafin iri da taki yana ɓacewa. Ni ma malamin gona yatsuna kan yi tsami da hunturu. To, tun 2024 Google ya sa Hausa cikin harsunan da salula ke ji: ka faɗa, ta rubuta. Haka nake shirya lissafin da nake kaiwa Gaya.

Amma ku lura, takan yi kuskure: buhu 15 ya koma 5. Sai wanda ya iya karatu ke gyarawa. Don haka kar mu saki karatun yaƙi da jahilci. Ciwon hannu kuwa, a kai wa likita.