Kafin Mu Zargi Mai Firinta, Mu Riƙa Zuwa Da Tef

Duk lokacin da Sallah ta matso, ƙorafi ɗaya muke ji daga masu ɗinkin hula da masu surfani a Sabon Gari da Mayo-Gwoi da cikin Babbar Kasuwar Jalingo: an kai zane shagon kwamfuta, an buga, an kwafa a jikin yadi, sai bayan an cinye kwanaki ana aiki a ga hula ta ƙi shiga kan mai ita. Daga nan sai rigima, tela ya ce mai firinta ne, mai firinta ya ce abin da aka turo masa ya buga.

Mu dai a ganinmu laifin na kowa ne, amma namu ya fi yawa, domin mu ne muka san awon.

Ga yadda abin yake faruwa. Takardar da muke amfani da ita a Najeriya, wato A4, faɗinta santimita 21 ne, tsawonta 29.7. Yawancin zanen da yaranmu ke saukowa da su daga intanet kuwa an tsara su ne a kan takardar Amurka, wadda ta fi tamu faɗi da kusan milimita 6. Kwamfuta ba ta shawara da kowa, sai ta matse zanen zuwa kashi 97 cikin 100 don ya shige, wani lokacin ma ƙasa da haka saboda gefen takarda da firinta ba ta iya bugawa. Kashi 3 kamar ba komai ba ne a ido. To amma hular da aka auna inci 22 za ta koma 21 da ɗan ɗoriya, an yi asarar fiye da rabin inci. Wanda ya taɓa sa matsattsiyar hula a filin Idi ya san rabin inci ba wasa ba ne.

Sai kuma WhatsApp. Idan aka tura zane a matsayin hoto, manhajar tana rage shi, kuma hoto ba ya riƙe awo yadda PDF ke riƙewa. A tura shi a matsayin fayil, in da hali PDF.

Abin da muke roƙon iyayen gida masu koyar da sana'a shi ne su sa yara su riƙa zana ɗan murabba'i mai santimita 5 a gefen kowane zane. In an je shago, a ce a buga a kan 100%, kada a matse. Takarda na fitowa a ɗora tef a kan murabba'in nan take, tun kafin a biya kuɗi. Zanen da ya fi takarda girma a raba shi gida biyu ko uku a haɗa da gam, ko a nemi mai injin A3. Masu ƙara girma a injin hotokwafi su ma su sani, daga A4 zuwa A3 kashi 141 ne, ba 200 ba kamar yadda wasu ke zato.

Su kuma masu shagunan kwamfuta, yawancinsu 'ya'yanmu ne da suka saba da buga takardun ɗaliban jami'a, inda matse shafi ba ya cutar da kowa. Muna roƙonsu, in suka ga zanen wuyan riga ko na hula ko na sitikar lalle, su tambayi mai shi awon da yake so. Kuɗin takarda ɗaya bai kai ko kusa da na yadin shadda ɗaya da za a lalata ba.