Yara 103 Na Abeshe Da Kasuwar Marayu

Ranar Alhamis 25 ga watan Oktoba na shekarar 2007, jami'an tsaron ƙasar Chadi suka tare wasu Turawa a garin Abeshe, suna shirin shigar da yara ƙanana guda 103 cikin wani jirgin sama da suka yi haya, wanda zai kwashe su zuwa Faransa. Maza 82 ne da mata 21, daga ɗan shekara ɗaya zuwa ɗan shekara goma. An nannaɗe wa wasunsu bandeji kamar masu raunin yaƙi, alhali kuwa lafiyarsu lau. Ƙungiyar da ta shirya wannan aiki, wadda ake kira L'Arche de Zoé, ƙarƙashin jagorancin wani mai suna Eric Breteau, ta shelanta wa duniya cewa wai marayun Darfur ne take ceto daga halaka. A can Faransa kuwa iyalai sun cika filin jirgin Vatry suna dakon isowar yaran, wasunsu sun riga sun biya sama da Yuro 2,000.

Da aka zauna aka bincika sai ga biri ya yi kama da mutum. Hukumar UNICEF da hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyar Red Cross suka bayyana cewa 91 daga cikin yaran suna zaune ne da danginsu, tare da aƙalla mutum ɗaya da suke kira uba ko uwa. Galibinsu kuma 'yan Chadi ne, daga ƙauyukan kan iyaka na yankin Adre da Tine. Abin da aka faɗa wa iyayen shi ne za a sa 'ya'yansu makaranta a nan cikin ƙasar. Ba wanda ya ambata masu jirgi, balle Faransa.

Kotun Injamena ta yanke wa Faransawa shida hukuncin ɗaurin shekara takwas da aiki mai tsanani ranar 26 ga Disamba, ta kuma ce su biya diyyar Sefa miliyan 40 a kan kowane yaro. Bayan kwana biyu aka mayar da su gida, ranar 31 ga Maris 2008 kuma Shugaba Idris Debi ya yi masu afuwa. Shekaru suka shuɗe iyayen yaran suna kokawa cewa ba su ga kuɗin diyyar ba. Mai karatu ya tambayi kansa, da wasu baƙar fata ne aka kama a birnin Paris da 'ya'yan Faransawa 103, wata nawa za su yi a kurkuku?

To amma kada ɗan uwa ya zaci cewa wannan aikin wasu tsirarun mahaukata ne, ya faru sau ɗaya ya wuce. Kasuwa ce babba mai dillalai da lauyoyi da farashi. A shekarar 2004 kaɗai an shigar da yara kusan 23,000 ƙasar Amurka daga ƙasashen waje da sunan ɗaukar riƙo, kuma abin da mutum kan kashe kafin a miƙa masa yaro guda yakan kama daga Dala 20,000 zuwa Dala 50,000. Kuɗin kamfanin dillanci ne, da na lauya, da na masu zuwa duba gida, da na tafiye-tafiye, da abin da ake ba gidan marayu ana kiransa gudummawa. Duk inda irin wannan dukiya ta shiga cikin matalauta, to dole marayu su yawaita, ko da kuwa ƙirƙiro su za a yi a kan takarda. Ƙungiyoyin kula da yara sun sha nanata cewa kimanin huɗu cikin biyar na yaran da ke gidajen marayu a duniya suna da uwa ko uba a raye. Talauci ne ya kai su can.

A nan ne hankali ke tsayawa. Kuɗin da aka kashe domin a raba yaro guda da mahaifiyarsa, da ita aka miƙa wa kashi ɗaya cikin goma, da ta ciyar da shi da 'yan uwansa, ta sa su makaranta, ta ja jari. Amma babu dillalin da zai ci riba a wannan.

Adalci ne a faɗa cewa da yawa daga masu ɗaukar yaran nan ba mugaye ba ne. Akwai waɗanda Allah (T) bai ba haihuwa ba, suka tara guminsu na shekaru, suka riƙi yaran da zuciya ɗaya. Sai dai kyakkyawar niyyar babba ba ta ɗauke wa yaro abin da zai haɗu da shi. Yaro ɗan shekara huɗu da ya tashi yana jin yaren Masalit ko Larabcin Chadi, rana ɗaya ya farka a ɗaki shi kaɗai, babu wanda ke gane maganarsa, abincin ba irin wanda ya sani ba, sanyin ba irin wanda ya sani ba, fuskokin ba irin tasa ba. Likitocinsu da kansu sun san abin da ke biyo baya: firgita cikin dare, ɓoye abinci a ƙarƙashin katifa, ƙin yarda da kowa, ko kuma manne wa duk baƙon da ya gani. Cikin 'yan watanni harshen uwarsa ya zube daga bakinsa. An canza masa suna, an ba shi sabuwar takardar haihuwa mai ɗauke da sunan wasu mutane a matsayin iyayen da suka haife shi. Batun Sallah da karatun allo kuwa ba ya ma tasowa.

In abin ya gagara kuma, yaron ne ke kwana a ciki. A 2010 wata mata a jihar Tenesi ta Amurka ta sa yaro ɗan shekara bakwai shi kaɗai a jirgi zuwa Mosko, da wasiƙa cewa ta fasa. A 2011 wata yarinya 'yar Habasha mai shekara 13 ta mutu a bayan gidan masu riƙonta a jihar Washinton, sanyi da yunwa suka kashe ta, kuma kotu ta ɗaure su a 2013. Ƙasar Habasha, wadda sama da yaranta 15,000 suka tafi Amurka ta wannan hanya, ta haramta abin baki ɗaya a watan Janairun 2018. Ƙasar Sin ta rufe tata ƙofar a 2024. Koriya ta Kudu, wadda ta fitar da yara kimanin 200,000 tun bayan yaƙin shekarun 1950, sai a 2025 wata hukumar bincike ta gwamnati ta tabbatar da cewa an yi ta jabun takardu ana rubuta masu iyaye a matsayin 'yan tsintuwa. Yanzu ga su nan da furfura suna yawo daga ofis zuwa ofis, suna neman sunan uwar da ta haife su.

Musulunci ya rufe wannan ƙofa tun a Madina. Zaidu ɗan Harisa (RA) shi ma sato shi aka yi yana yaro, aka sayar da shi a kasuwar Ukaz, ya faɗo hannun Nana Khadija (RA), ta ba da shi ga Manzon Allah (S). Da mahaifinsa da baffansa suka biyo sawu har Makka da kuɗin fansa, ba a ɓoye masu shi ba, ba a kuma nemi ko dirhami ba. An kira yaron aka ba shi zaɓi a gaban ubansa, ya zaɓi zama. Duk da haka, da duk son da Manzo (S) yake yi masa, aya ta 5 ta Suratul Ahzab ta sauka da umarnin a kira irin waɗannan yara da sunayen iyayensu, aka daina cewa Zaidu ɗan Muhammadu. Abin da Shari'a ta bari, ta kuma kwaɗaitar a kansa har da alkawarin makwabtaka da Manzo (S) a Aljanna, shi ne kafala: ka ci da maraya, ka tufatar da shi, ka ilmantar da shi, sunan ubansa na nan, danginsa sun san inda yake, dukiyarsa na ajiye har ya yi hankali. Ba ya gadon mai riƙonsa, amma ana iya yi masa wasiyya daga sulusin dukiya, ko a yi masa kyauta tun da rai. Ita kanta yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ta ambaci kafala da sunanta a sashe na 20.

Wannan hukunci ya hau kan Musulmi kafin kowa. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 ya koro dubban ɗaruruwan mutane zuwa gabashin Chadi, garin Adre ɗin nan ya cika da tantuna, ga kuma marayun Gaza. Akwai matasa masu kishi da kan ce da ma a kwaso yaran a rarraba wa gidajen Musulmi a Kano da Zariya da Damagaram. Kishin abin yabo ne, amma yaron Gaza da aka sauke a Fagge shi ma zai rasa harshensa da kakarsa da gonar ubansa. A lokacin yaƙi ba a saurin kiran yaro maraya, domin sau da yawa ɓacewa aka yi wajen gudu, uwar na wani sansani tana cigiya. Mai son taimakonsu ya aika da abin da ya samu zuwa inda suke, ta hannun amintattu.

Kuma dai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Iyayen Adre makaranta aka yi masu alkawari suka saki 'ya'yansu, domin babu Musulmin da ya riga Bature zuwa da wannan tayin. Matashin da ya ninke wannan jarida ya nufi gida zai wuce ƙofar bazawarar da mijinta ya rasu ya bar mata biyar. Ya san baffan da ya haɗiye gonar 'ya'yan ɗan uwansa yana kuma sahun farko a masallaci, alhali aya ta 10 ta Suratun Nisa'i ta kamanta wannan da cusa wuta a ciki, wal iyazu billah. Ya san 'yar riƙon da ita ce ta wanke-wanke, ita ce ta talla, 'ya'yan gida na makaranta. Jaririn da aka tsinta a bakin kwata kuwa, wanda malaman fiƙihu suka ce ɗaukarsa farilla ce a kan al'umma, Sayyidina Umar (RA) kuma ya hukunta cewa ɗa ne mai 'yanci kuma ciyar da shi na kan Baitulmali, jama'a sun laƙaba masa suna tun bai buɗe ido ba, in ya girma a hana shi aure.

Maraya a Shari'a shi ne wanda ya rasa uba kafin ya balaga, ke nan galibinsu na tare da iyayensu mata, ba sai an ɗauke su an kai ko'ina ba. Matasa goma da ke zama majalisa ɗaya a unguwa suna iya ɗaukar biro su rubuta sunayen marayun layinsu cikin dare ɗaya, su raba a tsakaninsu wanda zai biya kuɗin makarantar wane, wanda zai kai wance asibiti, wanda zai koya wa wane sana'a a shagonsa, da dattijon da za a tura ya yi wa baffan nan magana kafin damina ta faɗi.