Tausa Kaɗai Ba Ta Miƙe Baya

Duk wanda ya zauna a Nima ko Sabon Zango ko zangunan Kumasi ya san ciwon baya ya zama abokin zamanmu. Tela ya wuni a sunkuye kan keke, direba ya wuni a kujera, 'yan matan nan masu dako a Makola da Kejetia kuwa kaya niƙi-niƙi a ka tun asuba. Da dare sai a kira mai tausa, ya shafa man kaɗe, ya murza, ya danna har baya ya yi ƙas, mu ce alhamdu lillahi ƙashi ya koma.

To, ba ƙashi ne ya koma ba. Wannan ƙara iska ce a cikin ruwan gaɓa, irin wadda muke ji idan mun ja yatsu.

Ba raina sana'ar muke yi ba, domin hannun da ya iya yana sassauta jijiya, mutum ya samu barci. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a shawarwarin da ta fitar a 2023 kan daɗaɗɗen ciwon baya, ta amince da tausa, amma a haɗa ta da motsa jiki da koya wa majinyaci yadda zai kula da kansa. Ɗamarar bayan nan da muke zuba wa kuɗi kuwa, ta ce kada a dogara da ita. Wanda aka tausa yau, gobe ya koma sunkuyon awa goma ba miƙewa, jibi ma sai ya sake biya.

Abin da ya fi damunmu shi ne a riƙa danna bayan da bai kamata a taɓa ba. Idan ƙafa ta fara mutuwa, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, ko ana zazzaɓi da rama, wannan na iya zama tarin fuka a ƙashin baya ko jijiyar laka da ta matse. Maganarsa ta likita ce, kuma Korle Bu da Komfo Anokye duk suna da sashen gashin ƙashi.

Tun shekarar 2000 dokar Ghana ta ce masu maganin gargajiya su yi rajista. Muna roƙon sarakunan zango su tara masu tausa da masu ɗori na unguwanninsu, a gayyato likitan gashi ya nuna masu waɗannan alamomi, kowa kuma ya fito da takardarsa.