A littafinsu kare ke jagora, a nan kuwa yaranmu ne

Zancenmu na wannan karo kan littattafan yara ne masu hotuna, waɗanda ake bugawa a Turai da Amurka game da makanta. Da yawansu labarin makaho ne da karen da ke yi masa jagora.

Abin ba tatsuniya ba ne. A Jamus aka buɗe makarantar farko ta horar da irin waɗannan karnuka a 1916, saboda sojojin da suka makance a yaƙin duniya na farko. A 1929 aka buɗe wata a Amurka, kuma wani saurayi makaho, Morris Frank, yana cikin waɗanda suka kafa ta. Karen yakan tsaya a bakin titi, ya kauce wa rami, in mota na tafe ya ƙi takawa ko an ce ya tafi. Amma mai shi ne ya san inda za su, shi ke kasa kunne ya ba da umurni.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne makahon cikin littafin. Za ku gan shi yana tafiya wurin aiki, yana cefane, yana karatu. Yaro mai ido ya taso da sanin cewa makaho mutum ne mai sana'a, ana gaishe shi, ba a cafke masa hannu sai an tambaye shi. Akwai kuma littattafan da yaro makaho ke karantawa da yatsa, da rubutun ɗigo shida da Louis Braille ya ƙirƙiro a Faransa yana ɗan shekara 15. Hotunan ciki da ƙyalle da fata ake yin su, a shafa a gane.

To, mu fa? Kare ba zai zama jagoranmu ba: horonsa da tsada, kuma ba mu saba zama da shi cikin ɗaki ba. Jagoranmu yaro ne ko yarinya. Mun san su a tasha da kasuwa, riƙe da bakin sanda tun safe, tsaransu suna lakwal. Makanta ta kama mutum ɗaya, ta hana biyu ci gaba.

Ga abin da muke ganin asusunmu zai iya. Na farko, mu shigar da mata makafi cikin ƙungiya. Hannunsu ya san dala biyar da dala ashirin, kuma bashin sana'a ya fi bara. Na biyu, in da ɗan jagora a unguwa, mu zauna da iyayensa a raba rakiyar tsakanin manya, ya samu safiyarsa ta lakwal. Na uku, yaron da ba ya gani kada a ɓoye shi. Akwai makarantar makafi a Yamai, a tambayi ƙungiyar makafi ta garinku. Na huɗu, masu ɗinki cikinmu su haɗa littafin shafawa: auduga ta zama tunkiya, kara ya zama rumbu, ƙwayar wake ta zama lissafi.

Ranar zubi mai zuwa, kafin a buɗe akwati, kowace ƙungiya ta ƙirga yaran unguwarta da jagora ta hana karatu. Ku aiko mana da adadin, mu san inda za mu soma. Allah ya ba mu sa'a.