Dollar General a Kan Ma'aunin Ribar Shekara Goma

A ranar 29 ga Agustan 2024, hannun jarin kamfanin Dollar General ya zubar da kusan kashi ɗaya cikin uku na darajarsa kafin a tashi kasuwa a New York. Ba gobara aka yi ba, ba a kuma kama wani da almundahana ba. Kamfanin ya rage hasashen ribarsa ta shekara ne kawai, shugabansa Todd Vasos kuma ya shaida wa masu zuba jari cewa ciniki ya fi yin sanyi a makon ƙarshe na kowane wata, lokacin da aljihun masu sayayya ke bushewa. Hannun jarin da aka yi ta rububinsa a wajen dala 260 a 2022 ya ci gaba da gangarawa, har ya sauka ƙasa da dala 70 a Janairun 2025.

Dollar General kantin masu ƙaramin ƙarfi ne. Iyalan Turner ne suka kafa tushensa a jihar Kentucky a 1939, suka buɗe kanti na farko mai wannan suna a 1955 bisa sharaɗin kada wani kaya ya wuce dala ɗaya. Sharaɗin ya daɗe da faɗuwa, amma manufar tana nan: ƙaramin kanti mai sauƙin haya da ma'aikata kaɗan, a garin da manyan kantuna irin su Walmart ba su ga ribar zuwa ba. Yau yana da kantuna sama da 20,000, kusan kashi 80 cikin 100 a garuruwan da mazaunansu ba su wuce 20,000 ba. A lissafin kamfanin, wajen kashi 60 cikin 100 na cinikinsa yana fitowa ne daga gidajen da galibinsu ba sa samun dala 35,000 a shekara, wanda a Amurka samu ne na hannu baka hannu ƙwarya.

To, a dala 260 ne kasuwa ta yi daidai, ko a dala 70? Hanyar da aka fi sabawa da ita wajen amsa wannan tambaya ita ce a raba farashin hannun jari da ribar da kowane hannu ya samu a shekarar da ta gabata. Aibinta sananne ne ga duk wanda ya taɓa cinikin gona: ba a yi mata kuɗi da amfanin damina ɗaya, ko ta albarka ce ko ta fari. Benjamin Graham da David Dodd sun faɗi haka tun 1934 a littafinsu Security Analysis, inda suka ba da shawarar a ɗauki matsakaicin ribar shekaru da dama. A 1988 John Campbell da Robert Shiller suka gwada wannan tunani a kan alkaluman kasuwar Amurka baki ɗaya, daga nan kuma aka samu ma'aunin da ake kira CAPE, ko ma'aunin Shiller: a tattara ribar shekara goma, a mayar da ta kowace shekara zuwa darajar kuɗin yau, a fitar da matsakaici, sannan a raba farashi da shi. Ma'aunin ya yi suna a ƙarshen 1999, lokacin da ya nuna ninki 44 ga kasuwar da matsakaicinta na tarihi bai wuce ninki goma sha wani abu ba, watanni kaɗan kafin hannayen jarin kamfanonin intanet su ruguje.

An ƙera ma'aunin ne don kasuwa guda mai ɗaruruwan kamfanoni, inda faɗuwar wani ke haɗuwa da tashin wani. Ɗora shi a kan kamfani ɗaya yana da hatsari, kuma masu sukar yin hakan suna da hujja. Duk da haka, alkaluman Dollar General sun nuna yana da amfani ko a nan, muddin an ɗauke shi a matsayin mabuɗin bincike, aka kuma bi shi da tambayar da ta dace.

Ga ribar kowane hannun jari a shekarun kuɗi goma daga 2015 zuwa 2024, da dala: 3.95, 4.43, 5.63, 5.97, 6.64, 10.62, 10.17, 10.68, 7.55 da 5.11. Matsakaicinsu a haka dala 7.08 ne. Idan aka gyara kowanne da ma'aunin farashin kayan masarufi na Amurka, ya zama an kirga su duka da dalar 2024, matsakaicin yana hawa zuwa wajen dala 8.30. Wanda ya sayi hannun jarin a kan dala 75 a farkon 2025 ya biya ninki 15 na ribar shekarar ƙarshe, amma ninki 9 kacal na ribar shekara goma. Idan aka koma 2022 aka yi irin wannan lissafi da shekarun 2012 zuwa 2021, matsakaicin wajen dala 6.60 ne. Ke nan mai saye a dala 260, wanda yake ganin ninki 25 ya biya, a haƙiƙa ya biya kusan ninki 39.

A wancan lokacin ne ma'aunin ya fi yin aiki. Ribar dala goma da ɗoriya ta shekarun 2020 zuwa 2022 ba daga wata sabuwar dabarar kasuwanci ta fito ba. Annobar korona ta rufe wuraren sayayya da yawa, aka bar kantunan abinci da kayan gida a buɗe, gwamnatin Amurka kuma ta raba wa jama'a tallafi sau uku, dala 1,200 da 600 da 1,400 ga kowane mutum da ya cancanta. Kuɗin sun shiga hannun ainihin masu sayayya a Dollar General, suka sayi kayan ado na gida da tufafi da kayan wasan yara, waɗanda ribarsu ta fi ta madara da sabulu. Kasuwa ta ɗauki wannan damina a matsayin yadda sama za ta riƙa zubarwa har abada. Abin mamaki, shugabannin kamfanin ma haka suka ɗauka: a shekarar kuɗi ta 2022 sun kashe dala biliyan 2.7 wajen sake sayen hannayen jarin kamfanin a farashin da ya haura dala 200, bashi na ƙaruwa a kansu, sannan suka dakatar da sayen a 2023, daidai lokacin da farashi ya fara yin araha. Kuɗin ruwan da kamfanin ke biya ya tashi daga wajen dala miliyan 100 a 2019 zuwa sama da miliyan 300 a 2023.

Gyaran hauhawar farashi kuwa ya tona wani abu da alkaluman fili suka lulluɓe. Daga dala 3.95 a 2015 zuwa 5.11 a 2024, kamar an ci gaba. Amma dala 3.95 ta 2015 daidai take da wajen 5.23 a kuɗin 2024, wato kowane hannun jari bai ƙaru da komai ba a tsawon shekara tara. Idan aka dubi kamfanin gaba ɗaya lamarin ya fi muni. A 2015 ya yi cinikin dala biliyan 20.4 da kantuna wajen 12,500, ya ci ribar biliyan 1.17. A 2024 ya yi cinikin biliyan 40.6 da kantuna fiye da 20,000, ya tashi da ribar biliyan 1.13. Ciniki ya ninka, riba tana nan inda take a takarda, a ƙimar gaskiya kuma ta ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Abin da ya ɗaga ribar kowane hannu shi ne raguwar yawan hannayen, daga sama da miliyan 290 zuwa wajen miliyan 220. Mai karatu a Najeriya, inda hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani kan ribar da ke kumbura a rahoto alhali tana ramewa a kasuwa.

Sai dai ninki 9 na farkon 2025 ba hukunci ba ne, kuma a nan ne masu gaggawa ke tuntuɓe. Kashi 44 cikin 100 na jimillar ribar shekaru goman nan daga shekaru uku na annoba ya fito. Idan aka cire su, matsakaicin ya sauka zuwa wajen dala 6.70, ninkin ya koma 11. Akwai kuma abin da ke jan lissafin ta ɗaya ɓangaren: ribar 2015 da 2016 an cire mata harajin kamfanoni na tarayya na kashi 35 cikin 100, wanda dokar 2017 ta rage zuwa 21, kuma kamfani ne mai ƙarancin kantuna ya samo ta. Waɗannan gyare-gyare suna cin juna, ba su sauya hoton sosai ba.

Babbar matsalar tana cikin gyaran hauhawar farashin kansa. Duk wanda ya ɗaga ribar 2016 da kashi 30 cikin 100 don ta dace da kuɗin yau, ya ɗauka ke nan cewa kamfanin yana iya ɗora tsadar kaya a kan mai saye ba tare da ya rasa shi ba. Wannan zato yana iya zama gaskiya ga mai sayar da agogon alfarma. Ga kantin rahusa abin da wuya, domin mai sayayyarsa shi ne wanda tsada ta fi gallaza wa. Lokacin da hauhawar farashi a Amurka ta kai kashi 9.1 cikin 100 a Yunin 2022, haya da mai da abinci suka cinye albashinsa, ya daina sayen labule da fitilar ado, ya tsaya kan abin da za a ci yau. Kason kayan masarufi a cinikin Dollar General ya tashi daga wajen kashi 76 cikin 100 a 2015 zuwa 82 a 2024, kuma su ne mafi ƙarancin riba. Ga albashin ma'aikata ya hau, ga satar kaya ta yi yawa har kamfanin ya cire na'urorin da mai saye ke biyan kuɗi da kansa daga dubban kantuna, ya mayar da mutane bakin kanta. A Yulin 2024 ya amince ya biya hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka dala miliyan 12 kan laifuffukan da suka haɗa da kaya jibge a hanyoyin fita na gaggawa, alamar cewa wani ɓangare na ribar da ta gabata an same shi ne ta hanyar tsuke hannu wajen ɗaukar ma'aikata.

Maƙwabcinsa Dollar Tree ya fi nuna iyakar ma'aunin. Daga 1986 har 2021 ya riƙe farashin dala ɗaya, alhali dalar 2021 ba ta sayen abin da ya wuce na senti 40 na 1986, sai a ƙarshen 2021 ya ɗaga zuwa dala 1.25. A 2015 ya sayi kantunan Family Dollar a kan wajen dala biliyan 9 (Dollar General ma ya yi tayi, ya sha kaye, ashe sa'a ce), ya yi ta rubuta asarar biliyoyi a kansu, daga bisani ya sayar da su a 2025 a kan wajen biliyan ɗaya. Matsakaicin ribarsa ta shekara goma yana auna wani kamfani ne da ya riga ya gushe. Duk ninkin da aka fitar daga gare shi, sama ko ƙasa, ba shi da abin da zai gaya wa mai saye na yau.

Dollar General bai yi irin wannan rikiɗa ba. Sana'arsa ta 2015 ita ce ta yau, shi ya sa matsakaicinsa ya cancanci a saurare shi. Amma hanyar da ta fi dacewa ita ce a juya dala 8.30 ɗin nan zuwa tambayar da ɗan kasuwa zai gane: senti nawa kanti zai riƙe daga kowace dala ta ciniki kafin wannan riba ta dawo? A 2015 yana riƙe senti tara da rabi kafin a cire kuɗin ruwa da haraji, a 2020 senti goma da rabi, a 2023 senti 6.3, a 2024 senti 4.2. Da ciniki na biliyan 40.6 da hannayen jari miliyan 220, kowane senti ɗaya da aka ƙara yana kawo wajen dala 1.40 ga kowane hannu bayan haraji. Don a tashi daga 5.11 zuwa 8.30, ana bukatar ƙarin senti biyu da kwata, wato a kai wajen senti shida da rabi. Wannan bai kai abin da kamfanin ya samu a ko wace shekara daga 2015 zuwa 2022 ba. Bugu da ƙari, ribar 2024 ta ɗauki nauyin dala miliyan 232 na rufe wasu kantuna da rage darajar kadarori, wajen senti 81 a kan kowane hannu, wanda ba kowace shekara ake biyansa ba.

A kan wannan lissafi, mai saye a dala 75 bai bukaci annoba ta dawo ba, bai kuma bukaci Walmart ya daina kai kaya ƙauyuka ba. Ya bukaci kamfanin ya farfaɗo da ƙasa da rabin abin da ya rasa tun 2015. Mai saye a dala 260 kuwa ya bukaci senti goma su zauna daram, kantuna su ci gaba da yaɗuwa a ƙasar da tuni kusan kashi uku cikin huɗu na mutanenta ke zaune cikin mil biyar daga wani reshe na kamfanin. Cacar farko tana da sauƙin ci, ta biyu kuwa sai komai ya tafi daidai.

Zuwa tsakiyar 2025 farashin ya sake haura dala 100. Wannan bai tabbatar da ma'aunin ba, domin 'yan watanni ba sa gaskata lissafin shekara goma, kamar yadda ba sa ƙaryata shi. A dala 110 ninkin ya zama 13, rahusar ta ragu, sharaɗin kuwa yana nan yadda yake: senti biyu da kwata daga kowace dala, wanda a cinikin 2024 ya kama wajen dala miliyan 900 a shekara, kuma mafi yawansu daga aljihun gidajen da kuɗinsu ke ƙarewa kafin wata ya mutu za su fito.