Banɗakin Gida da Gwiwar Tsoho

Duk wanda ya zaga sababbin unguwannin Gusau, ta wajen Damba ko Unguwar Gwaza, ya ga yadda muke gini yanzu. Get na ƙarfe mai ado, falo mai silin na zamani, tayil har bakin ƙofa. Banɗaki kuwa sai a ƙarshe ake tuna shi, da ragowar bulo da ragowar kuɗi. A matse shi a lungu, a sa masa ƙofa mai faɗin ƙafa biyu, a ɗaga dokin ƙofar taƙi guda don kada ruwa ya fito tsakar gida, sannan a shimfiɗa masa irin tayil ɗin falo mai sheƙi. Mai gidan ɗan shekara arba'in ne, gwiwarsa garau. Mahaifiyarsa da ya ɗauko daga ƙauye ta haura saba'in, kuma ita ce za ta fi kowa shiga wurin, har da tsakar dare.

Ba tsofaffi kaɗai ba. Muna da waɗanda shan inna ta naƙasa tun suna yara. An ayyana Najeriya ta rabu da ƙwayar cutar ta asali a watan Agustan 2020, amma waɗanda ta taɓa suna nan cikinmu, sun girma, sun yi iyali. Ga masu shanyewar ɓarin jiki saboda hawan jini, ga waɗanda ciwon suga ya sa aka yanke wa ƙafa, ga mai ciki wata tara da mai jego. Mu a Zamfara kuma an ƙara mana da waɗanda harsashin 'yan bindiga ya bari da sanda. Rashin tsaron nan ya kwaso dattawa daga ƙauyukan Tsafe da Bungudu ya zube su a gidajen 'yan'uwa cikin gari, salga ɗaya da aka haƙa don iyali guda ta koma ta iyali uku. Waɗanda suka rage a ƙauye ma, wa zai yarda tsohonsa ya zaga bayan gari da duhu yanzu?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa na kashe mutum kusan 684,000 a shekara, fiye da kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma 'yan sama da shekara 60 ne suka fi mutuwa ta wannan hanya. Mu nan ba ma ƙirgawa. Sai dai ka ji an ce Baba ya zame a bayi, an kai shi wurin mai ɗori, daga nan bai sake tashi ba. Karayar ƙugu ga tsoho sau da yawa ita ce kwanciyarsa ta ƙarshe.

Gwamnati ta yi nata rubutun. Dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba da shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a, wa'adin ya cika a Janairun 2024. Je ka duba banɗakunan tashoshi da kasuwanni ka ba ni labari. A Nuwamban 2019 kuma aka fitar da umarnin shugaban ƙasa na kawo ƙarshen bahaya a fili kafin ƙarshen 2025, Jigawa ta riga kowa cika sharaɗin a 2022. Madalla. Amma ƙirgar ramuka ake yi, ba a tambayar wa zai iya tsugunawa a kansu. Cikin gida dai babu dokar da za ta shigo ta gyara maka.

Abin da ya fi damuna shi ne shirun da ke tattare da lamarin. Tsohuwa ba za ta ce wa ɗanta tsuguno ya gagare ta ba. Sai ta rage shan ruwa, ta daina taɓa fura daga la'asar, a cikin zafin Afrilu, don kada ta tashi jikanya da dare ko ta nemi matar ɗanta ta riƙe ta. A ce mata, "Inna, ki sha ruwa mana," ta ce, "Na ƙoshi, ɗan nan." Daga nan sai bushewar ciki, sai ciwon mara, sai jiri, jirin kuma shi ke kayar da ita. Dattijon da ya yi shekara hamsin yana alwala da kansa, ranar da aka fara ajiye masa fo a ɗaki ranar yake fara ƙin baƙi. Wahalar ɗauka da ajiyewa kuwa a bayan mata take ƙarewa, mai gida yana kasuwa.

Wasu da sun ji wannan sai su ce a sa masai na zama mai tanki, magana ta ƙare. Ban yarda ba. Dannawa ɗaya na cin lita shida zuwa tara, jarkar ɗan ga-ruwa mai lita 25 ke nan ba ta wuce shiga uku ko huɗu ba. A gidan da famfo ke yin kwanaki bai kawo ba, masai mai tanki ya fi salga ƙazanta. A gyara abin da ake da shi. Kafinta zai yi kujera mai huda a tsakiya, tsayin inci 18, a shafe ta da fenti mai mai don ta wanku, a ɗora a bakin ramin. Ko magini ya jera bulo ya yi mazauni ya shafe shi sumul. Akwai ma mazaunin roba na SATO mai murfin da ke rufe kansa, buta ɗaya ta ishe shi.

Sai abin dafawa. Kada a kafa shi da ƙusa a bangon ƙasa ko a bulo mai rami, ranar da aka jingina da gaske zai tsige. Mai walda ya lanƙwasa bututun ƙarfe mai kaurin inci ɗaya da rabi, a binne ƙafafunsa a ƙasa da kankare. Ƙofa ta kai ƙafa uku don keke ya shiga, kuma ta riƙa buɗewa waje, domin wanda ya faɗi a ciki jikinsa ne ke tokare ƙofar. A fasa dokin ƙofa a yi gangare, kowane inci ɗaya na tudu a ba shi ƙafa ɗaya na tsawo, ruwan kuma a karkata shi zuwa makwarara. Daɓen a ja masa tsintsiya tun siminti bai bushe ba, ya yi kaushi. Magini zai ce, "Alhaji, ai ba haka ake yi ba." Kuɗinka ne, kuma ba shi zai yi jinya ba.

To amma gyaran rana ɗaya ne, kulawar ce ta kullum, kuma nan muke faɗuwa. Cikin Agusta, banɗakin da ba rufi kan yi gansakuka a 'yan kwanaki, kore shar, ga kumfar sabulu a kai, ga tsoho da silifas da ya suɗe. Sai an bi shi da buroshi mai ƙarfi duk mako. Mai wankewa kada ta haɗa bilic da ruwan wankin masai mai asid, hayaƙinsu na shaƙe mutum. Gindin ƙarfen nan tsatsa ke cinsa a daidai inda ya haɗu da daɓe, inda ido ba ya kaiwa, don haka mai gida da kansa ya riƙa girgiza shi da ƙarfinsa, ko da ranar Juma'a ce kawai. Ƙafafun kujerar katako suna ruɓewa, gara ma ba ta barinsu. Salgar da aka rufe da azara a duba bakinta kafin ruwa ya sauka, don damina ce ke rufta su. Fitilar sola ƙarama a rataye a hanya, a tabbata tana da caji kafin magariba. Buta da bokiti a ɗora su kan dakali inda hannu zai kai ba sai an sunkuya ba, hanyar kuma a kwashe mata turmi da igiyar akuya.

'Yan haya, waɗanda su ne da yawa cikin masu gudun hijirar nan, ba su da ikon fasa bango. Su kam, mai walda ya haɗa musu kujerar ƙarfe mai hannuwa biyu da ƙafafu masu takalmin roba, wadda za a ɗora kan rami a kuma ɗauke. In an tashi daga gidan a tafi da ita a kan amalanke tare da sauran kaya.